Soulcalibur: gem ɗin ne ke da kyau, ko ƙuruciya ce ke yi mini gizo?

Ɗan Gora

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce da ni, amma ku yi haƙuri in ɗan yi shimfiɗa tukuna.

Ina da ɗan shagon gem a unguwarmu, talabijin huɗu, PS4 uku, sai wata tsohuwar PS2 da na ƙi rabuwa da ita. Yaran da ke zuwa ba abin da suka sani sai ƙwallo, in sun gaji su ce a sa musu Mortal Kombat su yi ta tsinke kan juna. Makon jiya ina kakkaɓe wata jaka sai na ci karo da kaset ɗin Soulcalibur II na PS2, gem ɗin faɗa da makamai, wanda ya fito a 2003. Duk ya kakkarce, ban zaci zai tashi ba. Na goge shi da gefen riga na saka, sai ga shi ya tashi. Ranar ban rufe shago ba sai da mai ya ƙare a inji.

Ba zanen ne ya kama ni ba, don zanen ya tsufa. Tazara ce. A Tekken kowa hannu biyu ƙafa biyu gare shi, kusan duk faɗan a kurkusa ake yin sa. A nan kuwa tun kafin a fara turmi, kana ganin abin da ke hannun abokin karawarka ka san irin faɗan da za a yi. Kilik yana riƙe da doguwar gora, aikinsa ya tsare ka a can nesa ya yi ta zungurin ka. Taki gajerun wuƙaƙe biyu ne da ita, in ba ta shigo jikinka ba ba ta da abin yi, amma in ta shigo ka shiga uku. Astaroth kafin ya ɗaga wannan ƙaton gatarin nasa ka sare shi sau biyu, sai dai in ya sauke maka shi sau ɗaya za ka ga jininka ya zube kamar an fasa tulu. Ivy kuma takobinta tsinkewa yake yi gaɓa-gaɓa ya koma bulala, wato inda kake ganin ka tsira nan ne ma ta fi so ka tsaya. Duk wanda ya taɓa ganin rigimar mai sanda da mai wuƙa ya san wannan lissafin ba sai an koya masa ba: mai sanda yana neman fili, mai wuƙa yana neman ya rufe filin.

Madannan ma huɗu ne kacal. Bokis sara a kwance, alwatika sara daga sama, O shuri, X karewa. Sara daga sama ya fi ciwo, amma ana goce masa gefe. Mai yawan gocewa kuma sara a kwance ne maganinsa. Kana iya zagaya mutum ta kowace fuska kamar 'yan dambe suna auna juna, ba gaba da baya kawai ba. Ga kuma bakin dandali: ko da jininka ya kusa ƙarewa, in ka iya tura mutum ya faɗa ƙasa ko cikin ruwa, turmin naka ne. Na tuna wani abokina da muka yi makaranta tare, ba ya neman ya cinye jininka ko kaɗan, lallaɓa ka yake yi har bakin rami ya hankaɗa ka, ya ajiye fad yana dariya. Har yau in na tuna sai na ji haushi.

Abu ɗaya da ban taɓa yafewa ba: kowace na'ura an ba ta baƙon ɗan wasa daga waje, masu GameCube aka ba su Link, masu Xbox aka ba su Spawn, mu 'yan PS2 aka ba mu Heihachi na Tekken, tsoho ya shigo gem ɗin makamai da hannu ba makami. To me ya kawo shi?

Tambayar ita ce. Ina tunanin sayen Soulcalibur VI na PS4 in sa a shago. Waɗanda suka buga shi, har yanzu yana da wannan ɗanɗanon? Kuma tsakani da Allah, gem ɗin nan yana da ingancin da nake gani, ko kewar zamanin da nake ɗan shekara goma sha huɗu ce kawai take ruɗa ta?

Zakin Fad

Wa alaikumus salam. Oga, ba don in ɓata maka rai ba, amma ƙuruciyar ce. Ni ma na buga shi sosai, na biyu da na uku. Matsalarsa ita ce wanda bai iya ba yana iya cin wanda ya iya. Ba wa yaro Maxi, mai 'yan sandunan nan biyu da sarƙa a tsakani, ka ce ya rufe ido ya yi ta danna bokis da alwatika. Maxi da kansa zai yi ta juyi yana shiga wannan salo yana fita wancan, yaron ma bai san abin da yake yi ba, kai da ka yi wata guda kana koyon Mitsurugi kana kwance. Haka Kilik ɗin naka da kake yabo, shi ne gwanin ragwaye. Ƙanwata da ba ta san sunan madanni ko ɗaya ba ta taɓa cin mu uku a jere da shi.

Sannan jefa mutum wajen dandalin nan da kake kira dabara, ni sata nake kiran sa. Ka yi wa mutum dukan kawo wuƙa, saura ƙiris, sai ya ɗaga ka sau ɗaya ka faɗa ruwa, wai ya ci. A kasuwanci kuma, in ka sa shi a shago kwana uku za su yi ɗokinsa su koma ƙwallo. Ka riƙe kuɗinka.

Malam Kube

Zakin Fad, in yaro mai rufe ido yana cin ka da Maxi, ba gem ɗin ne da laifi ba, ba ka koyi yatsanka na X ba ne. Akwai abin da ake kira Guard Impact. A na biyu, in ka danna gaba da karewa daidai lokacin da makamin zai sauka, za ka ture shi, a ji ƙarar ƙarfe, mutum ya yi taga-taga, ka samu damar sara. Mai danna-danna ba ya canza lokacin dukansa, saboda haka shi ne ya fi kowa sauƙin turewa. Ka ture shi sau uku ka ga yadda zai tsaya yana kallon fad. Daɗin kuma shi ne wanda aka ture ɗin ma yana iya mayar da turin in ya karanci abin da za ka yi, sai ku tsaya kuna wasa da hankalin juna: in sara yanzu, ko in jinkirta, ko in kama shi? Wannan ba gem ɗin ragwaye ba ne. Ƙofarsa ce mai faɗi, amma cikinsa da zurfi.

Kuma ba Ɗan Gora kaɗai yake ganin haka ba. Namco, kamfanin da ya yi shi, sun fara da Soul Edge, wanda ya zo PlayStation da sunan Soul Blade a Turai da Amurka. Soulcalibur na farko ya fito a 1998 a na'urorin gidajen wasa, aka kawo shi Dreamcast a 1999, mujallar Famitsu ta Japan ta ba shi 40 bisa 40. A lokacin na gida ya fi na gidan wasan kyau, abin da ba a saba gani ba.

Kan na shida, ɗan'uwa, ga abin da na sani don ina da shi. Ya fito a Oktoba 2018. Bayan na biyar na 2012 ya tsallaka shekara 17 gaba a labarin ya kawo 'ya'ya da almajirai a madadin su Taki da Xianghua da Sophitia, mutane suka yi ta ƙorafi, sai na shida ya koma farkon labarin, ƙarni na 16. Duk mutanenka suna nan: Kilik, Taki, Ivy, Astaroth, Siegfried, Voldo, Talim, Raphael, da Zasalamel mai dogon lauje. Baƙon wannan karon Geralt ne na The Witcher, kuma shi da takubbansa ya zo, ba kamar Heihachi ba. Tafiyar ta yi sauri, ta fi kusa da na biyu fiye da na huɗu mai nauyin ƙafa.

Abu biyu za su iya ba ka haushi. Na farko Reversal Edge: madanni ɗaya ne, yana shanye dukan da ake kawo maka, in ya samu mutum sai komai ya koma a hankali kamar fim, kowa ya zaɓi abu ɗaya. Sara daga sama yana cin na kwance, na kwance yana cin shuri, shuri yana cin na sama. Canki-canka ke nan, kuma yana katse faɗa. Amma ana goce masa gefe tun kafin ya sauka, don haka tsakanin waɗanda suka iya ba a cika yawan yin sa ba. Na biyu Critical Edge, babban duka da ake fitarwa da madanni ɗaya in ma'auni ya cika. Yaranka za su so shi, kai za ka gaji da kallonsa.

Ka kuma sani su Tira, Cassandra, Amy, Hilde, Setsuka da Hwang ba sa buɗe a kaset, daban ake sayen su ta intanet.

Uwar Ɗaki

Ni dai gargaɗi ɗaya. Shago ne na yara, kuma kun san shigar Ivy da Taki. In uban wani ya leƙo ya ga wannan a talabijin, ba zancen tazara za ku yi da shi ba. Na shida yana da wurin ƙirƙirar ɗan wasa, kana iya sa wa mutum sutura ka ba shi salon faɗan wanda kake so. Ka zauna ka yi wannan aikin kafin ka ba yara. Ni haka na yi wa ƙannena, kuma da Seong Mi-na nake cin su.

Bakanike

In nauyin makami kake nema, gwada Samurai Shodown na SNK, sabon da ya fito a 2019, yana PS4. A can sara mai ƙarfi guda ɗaya yana ɗebe jini mai yawa, kuma in ka kai shi aka kare, ka buɗe kanka. Za ka ga mutum biyu sun tsaya cirko-cirko kowa yana tsoron ya fara. Har makamin ana iya kakkaɓe maka shi daga hannu ka koma neman sa a ƙasa. Sai dai gaba da baya ne kawai, babu zagayen da kake so. Akwai kuma Bushido Blade na PS1, na 1997, wanda ko ma'aunin jini babu, sara ɗaya a wurin da ya dace an gama. Amma wannan kada ka sa a shago, kafin yaro ya gyara zama kuɗinsa ya ƙare.

Ɗan Gora

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam Kube, ka tuna mini da abin da na manta. Jiya da daddare na koma na gwada turewar nan, hannuna ya yi tsatsa, cikin goma bai fi biyu nake samu ba, amma ƙarar nan in ta fito har cikin ƙirji nake jin ta.

Zakin Fad, na ɗauki maganarka na yi gwaji. Na kira yara biyu cikin 'yan ƙwallon na ce su buga na biyun kyauta, wanda aka ci ya ajiye fad. Gaskiyarka a wuri ɗaya: ƙaramin ya ɗauki Maxi ya ci ni turmin farko, shagon ya kaure da ihu, har mai shayin kusa da mu ya leƙo. Amma ka ji abin da ya biyo baya. Babban ya ɗauki Nightmare saboda girman takobin, aka ci shi sau huɗu don yana ta sara daga sama ƙaramin yana gocewa. Ban ce masa komai ba. A na biyar sai na ga ya ja baya ya tsaya, ya bar Maxi yana ta juyinsa shi kaɗai, da ya matso daidai tsawon takobi sai ya share shi a kwance. Ya juyo ya ce mini, "Yaya, ashe ba sai na je wurinsa ba." Cikin rabin sa'a ya gano abin da na cika muku kunne da shi a sama, ba tare da ya haddace jerin madannai ko ɗaya ba. A Mortal Kombat yaron nan da takarda yake zuwa ya rubuto lambobin kisa.

Zancen faɗawa rami kuwa, ba zan kira shi sata ba. In ka bar bayanka yana kallon ruwa kana ta murnar jini, kai ka sayar da kanka.

Uwar Ɗaki, wannan gyara ne babba, ban yi tunaninsa ba sam. Zan yi yadda kika ce kafin kowa ya taɓa shi. Bakanike, na rubuta Samurai Shodown, amma sai an ga yadda ciniki ya kasance bayan salla.

Na yi magana da wani mai kawo kaset na hannu, ya ce zai duba mini na shidan ranar Asabar. Malam Kube, kafin nan, Kilik na can gorarsa tana kaiwa inda take kaiwa a na biyu, ko sun rage mata tsawo?