Neman shawara: ina zan ga agwagwin Turai a wannan hunturu?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Kano, kuma na daɗe ina jin cewa agwagwin ruwa suna tasowa daga Turai, su ƙetare Sahara, su yi hunturu a fadamun Haɗeja da Nguru. Ina so in kai 'ya'yana su gani da idonsu. Wane wuri ya fi dacewa, a wane wata, kuma shin za mu ga fararen tsuntsayen teku masu bin jiragen masunta?

Amsa daga Gashuwa:
Wa'alaikumus salam, Malam. Ka nufi tafkin Dagona a ƙaramar hukumar Bade ta Jihar Yobe, wanda keɓaɓɓen wurin tsuntsaye ne a ƙarƙashin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi; ko Yarima Philip na Ingila ya ziyarce shi a 1989. Baƙin suna fara sauka wajen Oktoba, su koma a Maris, amma ni Janairu zuwa Fabrairu nake zaɓa, domin a lokacin ambaliya ta janye, tsuntsayen kuma sun taru a 'yan tafkunan da suka rage. Ka nuna wa yaran cewa kirinjijiya mai farar fuska da fito, da kuma dinya, 'yan gida ne. Daga cikin baƙi akwai mai siririn wuya da farin ƙirji da dogon wutsiya mai tsini, sai wata ƙarama wadda namijinta yake da farin layi a saman ido, ko da yake layin bai cika fitowa sosai ba sai Fabrairu ta kama. Ka nemi izinin ma'aikatan gandun kafin ka shiga.

Amsa daga Haɗeja:
Idan tafiyar ta yi wa yara nisa, fadamar Baturiya a Jigawa ta fi kusa da kai. Sai dai kada ka tashi ba ka tambayi halin ruwa ba, domin tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar ba ta kai yadda take a da, ga kuma kachala da ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Masunta ne suka san inda garken ya kwana. Ku isa bakin ruwa bayan sallar asuba, rana tana bayanku, da tufafi marasa haske da rigunan sanyi, ku riƙe madubin hangen nesa mai lamba 8x42. Ranar da hazo ya yi kauri, gara ku haƙura.

Amsa daga Nguru:
Game da tsuntsayen teku, Malam, kada ka yi wa yaran alkawari. Suna son faffaɗan ruwa irin na Tafkin Chadi da Kainji, don haka a nan ɗaiɗaiku ake gani, galibi mai tokar kai da jan baki da jan ƙafa. Ka hau kwalekwale a tafkin Nguru, wurin da ya fara shiga jerin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamun duniya a Nijeriya a 2000, ka sa ido inda masunta suke jan koma. Ka roƙi mai tuƙi kada ya kutsa cikin garke don kawai ya tashe su.