Manyan tayoyi da sabon janti a kan Hilux: shawarwarin zauren masu motoci na Tawa

Sani Ɗan Keita: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da hantsi. Shawara nake nema. Hilux ɗina Vigo ce ta 2012, mai ƙofa huɗu, injin gazuwal 2.5. Tayoyinta sun kai ƙarshe, 205R16C ne a kan jantin ƙarfe na asali. Na ce tunda dole in sayi sababbi, bari in ƙara mata tsayi gaba ɗaya, don cikinta na dukan ƙasa a hanyar ƙauyukanmu da cikin yashin bayan Abalak. Wani yaro a Yamai ya turo mini hoton jantin alminiyam inci 20, baƙi wulik, da taya 265/50R20 (265 faɗinta a milimita, 50 tsayin gefenta a kashi cikin ɗari na faɗin, 20 incin janti). Wallahi ya shiga raina. In saya?

Maigida Idi Makanike: Wa alaikumus salam. Sani ƙanena, motar aiki kake so ko ta kai amarya?

Sani Ɗan Keita: Duka biyu, maigida.

Maigida Idi Makanike: To saurara. Girman janti ba shi ke ɗaga mota ba, tsayin taya gaba ɗayanta ne. Wannan 265/50R20 tsayinta milimita 773, taka ta yanzu 734. Raba bambancin biyu, abin da cikin motar zai tashi bai kai santimita 2 cikakku ba. Amma dubi abin da za ka rasa: gefen tayarka ta yanzu, daga janti zuwa ƙasa, milimita 164 ne, na waccan 132. Wannan robar ta gefe ita ke shanye dutsen Adar. In ta yi ƙaranci, janti ke shan dukan, kuma alminiyam ba ya lanƙwasa kamar ƙarfe, tsagewa yake. Jantin ƙarfe in ya lotse, guduma biyu uku ka kama hanya. Na alminiyam in ya tsage tsakanin Abalak da Cintabaraden, sai dai ka nemi inuwar aduwa ka zauna.

Alhaji Mai Albasa: Idi ya hwaɗi gaskiya. Mu da munka tsuhwa bisa hanyar Agadas, taya doguwa siririya munka sani. Dubi Land Cruiser na mutanen daji, 7.50R16 ko 235/85R16 ka gani ƙarƙashinsu. Ni 235/85R16 ni sa ma tawa, bisa jantin ƙarhenta na asali, ban sayi komi ba sai roba. Cikinta ya tashi wajen santimita 3 da rabi. Kuma tayar wagga ko Kwanni ko Madawa ko Agadas ka nema, kana samu. Je ka nemi inci 20 a Buza ka ba mu labari.

Abdul Yamai: Alhaji, da girmamawa, amma ba kowa ne ke ɗaukar albasar Galmi ba. Ni 265/70R16 na sa, kuma ban yi nadama ba. A kwalta ta fi zama daram, birki ya fi kamawa, ga kyan gani. Tsayinta 777, kusan daidai da 265/65R17 da Toyota ke sa wa manyan Hilux daga kamfani, shi ya sa ba ta gogar komai.

Alhaji Mai Albasa: Ɗana, ku mutanen Yamai kwalta ta ɓata ku.

Maigida Idi Makanike: Maganar Abdul tana kan hanya, sai dai ya tsallake abu ɗaya. Jantin ƙarfen da ke zuwa da 205R16C faɗinsa inci 6 ne. Taya mai faɗin 265 tana son inci 7 zuwa sama. In ka matsa ta a kan 6, sai ta kumbura a tsakiya, ta cinye tsakiyar tun gefe na sabo. Wato in Sani ya bi Abdul, sai ya sayi janti. In ya bi Alhaji, jantinsa ya isa, don 235/85R16 tana zama a kan inci 6. Amma ta Alhaji ma tana da nata haraji. Tsayinta 806, ta fi ta asali da kusan kashi 10 cikin ɗari. Injin zai ji kamar ka tashi da giya ta gaba: tashi da nauyi, hawan tudu da canjin giya, kuloci na shan wuya in akwai kaya. Mai turbo 2.5 zai jure. Masu injin 5L, wanda ba turbo, su kam ban ba su shawara ba, sai in ba su gaggawa a duniya.

Hajiya Mai Turare: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni ba direba ba ce, amma ni ke biyan kuɗin gazuwal, don haka ina da ta cewa. Da direbana ya sa manyan tayoyi, sai lissafi ya daina fita. Daga Yamai zuwa Tawa wajen kilomita 550 ne, agogon mota ya nuna ɗari biyar da 'yan kai. Na raba mai da kilomita, na ga kamar ana shan mini jini. Saura kaɗan in sallami bawan Allah.

Maigida Idi Makanike: Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, ki nemi gafararsa. Agogo juyin taya yake ƙirgawa, babbar taya kuma tana cin ƙasa da yawa a juyi ɗaya. Da 235/85R16, in allura ta nuna 100, kusan 110 motar ke yi. Da ta Abdul, wajen 106. Ku riƙa gwadawa da GPS na waya. Haka juyen man inji: in ka saba yi a kilomita 5000, to yanzu ka yi tun agogo na 4500. Mai kuwa zai ƙaru da gaske, don tayar ta fi nauyi, amma bai kai yadda lissafin Hajiya ya nuna ba.

Hajiya Mai Turare: Na riga na ba shi haƙuri da shadda yadi biyar.

Sani Ɗan Keita: To in na ce sai na canza janti fa? Akwai wanda ya ce yana da na motar Nissan Navara guda huɗu, da araha.

Abdul Yamai: Kada ka taɓa! Navara D40 ramukan notinta shida ne kamar Hilux, amma faɗin da'irarsu milimita 114.3 ne, na Hilux 139.7. A ido kamar ɗaya, ba za su shiga ba. Na Land Cruiser 79 kuma biyar ne. Abin da ke ruɗin mutane shi ne jantin Mitsubishi L200 da Ford Ranger: su ma 6 da 139.7 ne, sai dai ramin tsakiya. Hilux na son milimita 106, na L200 67 ne, na Ranger 93. Na ga wanda ya kai wa mai walda ya faɗaɗa ramin da wuta. Allah ya kyauta. In kana son alminiyam mai aminci, nemi na Prado ko na Hilux ɗin kanta, inci 17, a wajen masu kayan mota na hannu a Yamai. Ka tafi da motar a ɗaura a gabanka.

Maigida Idi Makanike: Ka duba bayan janti kuma, akwai lamba da ET a gabanta, ita ke nuna yadda ƙafa za ta shige ciki ko ta fito waje. Na Toyota wajen ET30 suke. Waɗannan na gayu da yawa 0 ne ko ƙasa da haka, suna turo ƙafa waje kamar kaguwa. Yara na so. Amma boris ke ɗaukar nauyin a karkace, sitiyari na fizga in ka faɗa rami, taya na gogar robar tare laka in ka murɗe har ƙarshe, kuma da damina jikin mota ya zama bango. Sai noti. Jantin alminiyam na Toyota notinsa mai faffaɗar wasa ne, na kasuwa yawanci mai baki kamar mazurari. In ka haɗa wannan da wancan, yau ka ɗaure, jibi ya kwance. Ko wanne ka sa, bayan kilomita 50 zuwa 100 ka tsaya ka sake ɗaurewa.

Malam Hamisu: Ni gargaɗina a kan robar ne, ba ƙarfe ba. Bara na sayi manyan tayoyi na hannu a wajen wani mutum, zanensu kamar ba a taɓa takawa ba. Cikin Afrilu, rana tsaka, tsakanin Doso da Dogon Dutsi ta baya ta tashi kamar bindiga. Allah ya tsare. Mai facin da ya zo ya nuna mini abu biyu da ban sani ba. Na farko, hoton dutse da ƙanƙara a gefenta: tayar sanyin Turai ce, robarta laushi gare ta, ba don kwaltarmu aka yi ta ba. Na biyu, lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen tayar, masu nuna lokacin da aka yi ta. Biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tawa 1214 ce, mako na 12 a 2014. Tsohuwa ce aka shafa wa baƙin mai.

Alhaji Mai Albasa: Araha ba ta ado, Malam. Ku ƙara da lambar kaya. Tayar Sani ta asali 110 ta, kilo 1060 kowace ƙahwa. Kada ya sayi wadda ta kasa haka komi girmanta. Ka nemi mai LT ko C, wato tayar ɗaukar kaya, gehenta ya hi kauri, ƙayar aduwa ba ta shiga da sauƙi. Cikin yashi kuwa ba hwaɗi ka hisshe ka ba, rage iska. Ka sauke iskar zuwa kilo 1 da rabi a ma'auni, ka wuce sannu, in ka hau ƙasa mai tauri ka maida. Ka sayi famfo ka aje cikin mota.

Maigida Idi Makanike: Kuma biyar za ka saya, ba huɗu ba. In ta biyar ƙarama ce ka ɗaura ta, sannan ka sa giyar ƙafa huɗu, haƙoran ciki ke biya. Ka gwada ma ko babbar za ta shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi tun kana gaban mai shago.

Sani Ɗan Keita: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Inci 20 dai na haƙura, na goge hoton don kada shaiɗan ya dawo. Ina tsakanin ta Alhaji da ta Abdul, amma aljihu ya karkata wajen Alhaji tunda ba sayen janti. Maigida, in na kawo ta Asabar za ka ɗaura mini guda a gaba mu murɗa sitiyari mu gani kafin in biya sauran?

Maigida Idi Makanike: Kawo ta da safe kafin rana ta yi. Alhaji, ara mana taka ta biyar mu gwada da ita.

Alhaji Mai Albasa: Ku aiko yaro ya ɗauka. Amma ta dawo kahin Lahadi, ina da lodi Galmi.