Winga da lon: wace kalma za mu sa musu da Hausa?

Ɗan Samaru: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan an tashi wasa muka tsaya teburin mai shayi ana ta gardama kan yaron nan na ƙungiyarmu ɗan shekara sha tara, wasu na cewa a bar shi yana shiga minti goma goma wasu na cewa a tura shi wani wuri ya buga kaka guda ya dawo, to ana cikin haka wani dattijo da ke shan shayinsa a gefe ya ce wai shi tun ɗazu yana jin muna winga winga, lon lon, shin ƙwallon ne ba ta da Hausa ko mu ne ba mu da ita. Wallahi kunya ta kama ni, muna zaune gab da ABU inda ake karantar da Hausa har digiri na uku amma muka rasa abin ce masa. To ga shi na kawo muku, me za mu kira winga, me za mu kira lon?

Ɗan Kongo: Wa alaikumus salam. Ai winga ba shi da wahala, ɗan wasan gefe, haka ake faɗa a rediyo, in kana sauri ka ce ɗan gefe. Lon kuma aro. An rufe.

Na Tudun Wada: Mu dai da muke buga ƙwallo a filin makaranta lamba bakwai da lamba sha ɗaya muke cewa, bakwai dama sha ɗaya hagu, kowa ya gane. Sai dai yanzu lamba ta lalace, yaro zai goya 47 a baya yana buga gefe.

Ɗan Samaru: Wani ya ce min a ce ɗan fiffike tunda wai asalin kalmar daga fiffike ne.

Ɗan Kongo: Haba ɗan uwa, fiffike kuma, sai ka ce muna rabon naman kaza. Ɗan gefe ya wadatar.

Malamin firamare: Ɗan gefe na yarda, ba na ja. Amma maganar aro kada mu yi saurin rufewa, domin Bahaushe ya riga ya rarraba abin nan tun kafin a kawo ƙwallo ƙasar nan. Aro shi ne ka karɓi abu ka yi amfani da shi ka mayar da shi ɗin dai, kamar keke ko babbar riga ko tabarma ranar suna. Rance shi ne ka karɓa ka kashe ka biya da irinsa, kuɗi ko tiyar masara. Saboda haka duk wanda ya rubuta an ba da ɗan wasa rance ya yi kuskure, sai dai in wani yaron daban za a mayar musu. Bashi ma bai shiga ba, jingina ma haka tunda ba kuɗi aka karɓa aka ajiye yaron a madadinsa ba. To aro ya fi su duka. Inda nake da ja shi ne mai aro ba ya biyan ko sisi, in ka ari keken maƙwabcinka godiya ce kawai, alhali ƙungiyar da ta karɓi ɗan wasa takan biya albashinsa duka ko wani kaso, wani lokacin har da kuɗi a kai. Abin da ake biya a yi amfani da shi a mayar kuwa sunansa haya.

Na Tudun Wada: Malam in ka ce ɗan wasan haya ai ka koma sojan haya, irin wanda ake ɗaukowa daga Sabon Gari ya bugo wa unguwa wasan ƙarshe a ba shi na mota 😂

Malamin firamare: Ka ga shi ya sa ban tsaya kan haya ba. Abin da ya fi kwanta min a rai game da yaro ƙarami shi ne riƙo. Ku duba, mutum yakan ɗauki ɗansa ya kai wa ƙanwarsa ko yayansa a wani gari, ɗan nasa ne har gobe, amma ci da sha da tarbiyya suna hannun mai riƙo, kuma ba don an gaji da yaron ba ne, don ya koyi abin da ba zai koya a gaban uwarsa ba. Wannan shi ne ainihin abin da Manchester United ta yi da Amad Diallo. Sun ɗauko shi daga Atalanta a Janairun 2021 yana ɗan sha takwas, ba wurin da zai buga, suka kai shi Rangers a farkon 2022 abin bai yi armashi ba, sai suka kai shi Sunderland a kakar 2022/23 hannun koci Tony Mowbray, mutumin ya sake masa ya buga, ya ci ƙwallo 14, ya dawo gida ya zama mutum. Rangers ma riƙo ne, Sunderland ma riƙo ne, bambancin hannun da ya faɗa. Kuma duk wanda ya san riƙo ya san akwai gidan da yaro zai je ya zama ɗan wanke-wanke kawai. Ku tuna Gnabry, Arsenal ta kai shi West Brom a 2015, kocinta Tony Pulis ya sa shi a wasan Firimiya guda ɗaya tak sauran duk benci, yaron nan dai shi ne ya je Bayern ya zura wa Tottenham huɗu a dare ɗaya a 2019.

Yar Gyallesu: Malam Allah ya ƙara basira, riƙo ya yi daɗi a kunne. Amma ina tambaya, Ahmed Musa da Leicester ta mayar CSKA Moscow a Janairun 2018, shi ma riƙo za mu ce? Mutumin da ya yi Kano Pillars ya yi Holan ya yi shekara huɗu a Rasha, ga aure ga iyali. Ai ba a kai magidanci riƙo.

Malamin firamare: Gaskiyarki Hajiya. Wannan aro ne tsantsa, ya je neman wurin bugawa kafin kofin duniya, kuma ya samu, shi ne ya ci Iceland biyu a shekarar.

Ɗan Chelsea na PZ: To mu ina za ku sa namu? Victor Moses ya zo Chelsea a 2012, aka tura shi Liverpool, aka tura shi Stoke, aka tura shi West Ham, shekara uku a jere yana yawo sai da koci Conte ya zo 2016 ya mai da shi ɗan bayan gefe muka ɗauki kofi da shi. Akwai lokacin da ƙungiyan namu yana da yara sama da talatin a waje lokaci ɗaya, wasu har suka bar kulob ɗin ba su taɓa buga masa wasa ba. Wannan ba riƙo ba ne, kiwo ne, irin tumakin da ake ba mutanen ƙauye su yi ƙiba a sayar da layya.

Ɗan Kongo: Ƙungiyan namu yana, Bazazzagi ba ya ɓuya 😂 amma kiwo ɗin nan ka faɗi gaskiya. Irin wannan ne ya sa FIFA ta sa doka kan aro a 2022, ta fara da 'yan wasa takwas, yanzu tun Yulin 2024 ƙungiya ba za ta tura fiye da shida ƙasashen waje a lokaci ɗaya ba, sai dai yaran da ba su wuce 21 ba waɗanda ita ta rene su, su babu iyaka. Ka ga ita ma dokar ta raba ɗan riƙo da ɗan kiwo ba tare da ta san Hausa ba.

Ɗan Samaru: To wanda ake cewa da zaɓin saye fa?

Yar Gyallesu: Aro da zaɓin saye, a bar shi haka, kamar ɗanɗano ne wajen mai kilishi. Wanda aka ce dole a saya a ƙarshen kaka kuwa ni ban ɗauke shi aro ba sam, ciniki ne aka gama aka ɗage biya, kamar yadda Mbappe ya je PSG a 2017 da sunan aro aka biya Monaco kuɗinta shekarar da ta biyo. A kasuwa wannan sayen bashi ne.

Na Tudun Wada: Ni fa akwai wanda ya fi damuna. Ɗan gefen da muka sani a da, na dama ƙafar dama, ya bi layi ya bugo kurosin. Na yanzu bahago ne ake sa wa a dama ya yanko ciki ya buga, irin su Salah da Saka da shi Amad ɗin, yaron namu ma haka yake. Shi kuma me za a ce masa?

Ɗan Chelsea na PZ: Ɗan aron hannu mana. Ba ka ganin 'yan acaɓa a Kwangila in sun bar hannunsu sun bi na wasu?

Malamin firamare: Wallahi wannan ta fi duk abin da na faɗa yau. Ɗan gefe mai aron hannu. Ba sai an yi wa kowa bayani ba.

Ɗan Kongo: Sai dai ranar da aka ba da shi aro a ce an ba da aron ɗan aron hannu, mai sharhi zai ciji harshe.

Ɗan Samaru: Ai shi ya sa riƙo zai yi mana amfani a nan. To ga inda na fahimta muka tsaya, winga ɗan gefe, bahagon da ke dama ɗan aron hannu, lon aro gaba ɗayansa, in yaro ne aka tura don ya goge sai a ce an kai shi riƙo, kiwo kuma mun bar wa mutanen PZ. Yaron namu ni dai ina nan kan a kai shi riƙo ƙaramar ƙungiyar da za ta fara da shi duk mako, minti goman nan ba abin da zai koya masa sai ɗumama jiki.

Yar Gyallesu: In dai an duba hannun da za a ba. Kocin da ke jibge mutum goma a baya yana cilla dogayen ƙwallaye ba ruwansa da yaro mai yanka.

Ɗan Samaru: Ranar Asabar zan gwada su a gidan kallo in ga ko za a gane ba tare da na fassara ba. In dattijon nan ya zo shan shayi shi zan fara faɗa wa.