Sabon gari, kuɗi kaɗan: da wane aiki ya kamata a fara?

Wani ɗan kwamitin unguwa, jihar Gadarif, ƙasar Sudan:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Ƙauyenmu ya cika ya batse har hukuma ta auna shi, ta yanka filaye, ta ba mu ofishin mulki na kanmu a ƙarƙashin mahaliyya, wato ƙaramar hukuma. Ba mu da babbar kasuwa ko masana'anta, gidajen manoman riɗi da dawa ne da na masu fita aiki cikin birni, saboda haka harajin gidajen da ake tarawa bai taka kara ya karya ba. Wasu na son a fara da kwalta, wasu ginin ofis, ni kuwa ruwan sha nake gani, domin har yanzu da kuran jaki ake kawo mana shi. Ina roƙon waɗanda suka ga irin wannan da idonsu su faɗa mana yadda ta kaya.

Wata malamar firamare, Kassala:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ina bayanka, kuma zan ƙara da magudanai. Mu da muka ga ambaliyar kogin Gash a 2003 ba ma wasa da hanyar ruwa, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zazzaɓin cikungunya na 2018, wanda mutane suka laƙaba wa kankasha. Ajina ya kusa zama fayau, yaran da suka warware kuma suna shigowa a duƙe, suna dafa bango saboda ciwon gaɓoɓi. Ma'aikatan lafiya sun nuna mana cewa sauron da ke kawo cutar a ruwa mai tsabta yake ƙyanƙyasa, wato cikin randuna da gangunan da muke tara ruwa a gida. Muddin famfo ba ya zuwa kullum, dole uwar gida ta tara ruwa, sauro kuwa ya sami masauki a tsakar gidanta.

Wani dattijo, garin Mai Wurno:
Allah ya yi muku albarka 'ya'yana. Kakanninmu da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903 sun kafa garin nan a bakin Shuɗin Nilu da ƙarfin gayya, abin da Larabawan ƙasar nan ke kira nafir. Shawarata ita ce kada ku kashe kuɗin hukuma a kan abin da gayya za ta iya, kamar yashe lambatu da katange makaranta. Ku ajiye shi don rijiyar burtsatse da tanki da injin mai aiki da hasken rana. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 na ga yadda tashar ruwa ke tsayawa cik idan lantarki ya yanke.

Wani magini da ya yi zama a Ingaz, kudancin Khartoum:
Baba, a gafarce ni, zan ɗan saɓa muku. Ruwa wajibi ne, amma akwai aikin da ba ya cin kuɗi sosai, wanda idan ya wuce ba ya dawowa. Ku tsaya kai da fata a fitar da filin makaranta da na asibiti da maƙabarta a rubuce cikin taswira, a kafa musu duwatsun iyaka tun yanzu. Na taɓa gina gidaje a wani wuri da dattawa suka ce na makarantar 'yan mata ne, mai filin ya nuna mini takardarsa, su kuwa ba su da komai sai shaidar baki. Kowane magidanci ma ya nemi shahadar bahas, wato takardar shaidar mallakar fili, ta gidansa.

Kwalta kuwa ku jinkirta ta. Baƙar ƙasar Gadarif tana kumbura da damina, ta tsattsage da rani, kuma titin da aka shimfiɗa a kanta ba tare da magudana ba saurin farfashewa yake yi. Ku zuba tsakuwa a hanyar da motar marasa lafiya za ta bi, ya wadatar a shekarun farko.