In an cire ƙarafan saitin bindiga an mayar, saitin yana nan?

Baƙon Riyad:
Assalamu alaikum malamai. Tambayata kan ƙarafan saiti masu cirewa ce, wato sha'ira ta gaba da farida ta baya, irin waɗanda ake ɗaurawa a kan sikkar Picatinny, wato dogon layi mai ramuka da ke saman bindiga. Bindigar farauta ce mai lasisi, ina sauya su da darbil, wato madubin hangen nesa, lokaci-lokaci. In na cire na mayar, sai na sake tasfiri, wato daidaita saiti, tun daga farko, ko saitin yana nan daram? Harsashi dai kun san ba arha ba.

Maƙerin Jidda:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In ƙarfen na kirki ne, kuma ka mayar da shi yadda ka same shi, saitin zai dawo kusa ƙwarai. Amma ka san yadda lissafin yake. A ce tazarar sha'ira da farida santimita 50 ce. In ɗayansu ta goce gefe da milimita 0.1, kaurin fallen takarda ke nan, harsashi zai kauce da santimita 2 a mita 100. Abin da ido bai gani a kan sikka, allon harbi zai nuna shi.

Kafin komai ka cire gidan harsashi, ka leƙa cikin bindigar ka tabbata babu ko ɗaya. Sannan ka lura da ramin da kowane ƙarfe yake zaune. Wasu sikkokin suna da lamba, in babu ka ɗiga fenti. Ramin Picatinny faɗinsa milimita 5.23 ne, notin da ke ratsa shi kuma bai cika shi ba, don haka akwai ɗan wasa gaba da baya. Ka tura ƙarfen gaba, wajen bakin bindiga, har ya jingina da bangon ramin, ka riƙe shi a haka kana ɗaurewa. Dalili kuwa, in bindiga ta tashi baya take tokara, ƙarfen sai ya zame gaba da kansa. Gara ka kai shi can tun farko, kada ya yi ta tafiya tsakanin harbi da harbi.

Ɗauri kuma ya zama iri ɗaya kullum. Ka samu sukudireba mai awon ƙarfin ɗauri, ka bi adadin da kamfanin ya rubuta a takardarsa. Ɗaurin hannu yau da tsauri gobe da sassauci shi ne ke ɓata yawancin saiti.

Dattijon Madina:
Malam Maƙeri ya gama magana, sai dai a ƙasar nan babban abokin gaba yashi ne. Ƙwaya ɗaya ta maƙale ƙarƙashin muƙamuƙin ƙarfen, wato wurin da yake kama sikka, ta ɗaga shi fiye da wancan fallen takardar. A goge sikka da buroshi busasshe, kada a shafa mata mai, don mai shi ke kiran ƙura.

Na biyu, yaro, duba inda sha'irarka take zaune. In a kan marikin hannu take, ba a jikin bututu ba, to ko ba ka taɓa ta ba, marikin na sassautawa saiti ya tafi, mutum ya yi ta zargin ƙarfe a banza. In ta roba ce, kada a ɗora ta a kan sikkar da ke manne da mashigar hayaƙin bututu. Wurin yana zafi sosai, kamfanin Magpul ma ya hana a yi haka da nasa na roba. A kuma tabbata sikkar Picatinny ce ba Weaver ba, don suna kama amma ramin Weaver ya fi ƙunci, milimita 4.57 ne.

Baƙon Riyad:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. To in sa wa notin Loctite, gam ɗin nan da ke hana noti kwancewa?

Maƙerin Jidda:
Ga abin da ake cirewa a kai a kai, ban ba da shawara ba. Shuɗin Loctite yana kwancewa da hannu, amma busasshensa yana taruwa a zaren noti, sai awo ya nuna ya ɗauru alhali muƙamuƙin bai kama sosai ba. Jan kuwa kada ka kusance shi, sai da wuta yake saki. Ja layin fenti daga kan noti zuwa jikin ƙarfen, in ya juya za ka gani.

Kuma ka gwada naka sau ɗaya a maidani, wato filin gwajin harbi, ka huta da zato. Ɗora bindiga a kan buhun yashi, mita 50, harsashi iri ɗaya. Harba 5, cire, mayar, harba 5 a sabon allo, har sau 3. Tsakiyar kowane rukuni za ka kwatanta, ba rami ɗaya-ɗaya ba. In tsakiyar ba ta matsa fiye da faɗin rukunin ba, ƙarfen yana riƙe saiti, daga nan harbi 3 na tabbatarwa sun ishe ka duk lokacin da ka mayar, musamman kafin fita farauta, don kada a raunata dabba ta gudu da ciwo. In kuwa kowane zagaye tana tsalle wani gefe, muƙamuƙin ne bai dace da sikkar ba, ƙarin ɗauri kuma zaren kawai zai cinye.