Mayar da Hoto Zanen Keken Surfani: Abin da Masu Sana'ar Suka Ce

Abu ɗaya kowa ya yarda da shi: keken surfani ba ya ɗinka hoton JPG ko PNG kai tsaye. Fayil yake buƙata mai faɗa wa allura inda za ta soka da lokacin sauya zare. Keken kamfanin Brother na karɓar fayil nau'in PES, na Janome nau'in JEF, shi kuwa nau'in DST na kamfanin Tajima ba ya riƙe launin zare, sai ka jera da kanka.

Inda aka fi ja-in-ja shi ne manhajar da ke mayar da hoto da kanta. Wasu sun ce ta wadatar ga tambari mai launi kaɗan. Tsofaffin hannu kuwa sun ce hoton fuska sai ya fito a cakuɗe. Ni ma nan na karkata. Gara ka rage launuka, ka bi layukan da hannu. Cikin manhajojin wannan aiki, Ink/Stitch, da ake ɗorawa kan manhajar zane ta Inkscape, kyauta ce. Hatch ta kuɗi ce.

Kada ka faɗaɗa zane sosai bayan an gama shi, ɗinkin zai yi sako-sako. Ƙananan haruffa ma sukan dunƙule. A gwada tukuna a ƙyallen yadi iri ɗaya, da abin ƙarfafa yadi don kada ya tattare shimfiɗe a ƙasa.