Shin ana gadon alƙalami? Muhawara kan dawowar George Smiley

Malam Habibu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya da daddare na rufe shafin ƙarshe na littafin Karla's Choice, kuma tun asuba maganar take cina a rai. Ga waɗanda ba su bi zancen ba: John le Carré, wanda sunansa na ainihi David Cornwell, ya mutu a Disambar 2020 yana da shekara 89, ya bar George Smiley, ɗan leƙen asirin Birtaniya da ya ƙirƙira, a cikin littattafai tara. A Oktoban 2024 ɗansa, mai rubutu da sunan Nick Harkaway, ya fito da sabo. Ya mayar da labarin 1963, bayan an harbe abokin aikin Smiley, Alec Leamas, a jikin katangar Balin, Smiley ya ajiye aikin leƙen asiri ya koma gida wajen matarsa Ann, sai maigidansa Control ya sake kiransa saboda wani ɗan Hangari mai buga littattafai a Landan da Rasha ta aiko a kashe, shi kuma ya yi ɓatan dabo. Maganata ɗaya ce, ba a gadon alƙalami. Ana gadon gida, ana gadon gona, kuɗin da littattafan uban suke kawowa ma halak ɗin 'ya'yansa ne. Amma Smiley ba kadara ba ne. Ranar da aka rasa mai shi, ranar ya kamata a bar shi ya huta.

Maman Walid: Wa alaikumus salam Malam. To ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni sau biyu na karanta shi. Ka nuna mana inda yaron ya yi tuntuɓe tukuna, sai mu san a kan me ake shari'ar.

Malam Habibu: Hajiya, bai yi tuntuɓe ba, kuma abin da ya dame ni ke nan. Da littafin banza ne da na jefa shi bayan kabad na manta. Ya iya muryar uban ƙwarai, har akwai wuraren da na tsaya na sake duba bango. Amma ki dubi inda uban ya samo abin. Mahaifinsa Ronnie riƙaƙƙen ɗan damfara ne da ya sha ɗauri, mahaifiyarsa ta tafi ta bar shi yana ɗan shekara biyar. Ya yi aiki a MI5, ya koma MI6, hukumomin leƙen asirin Birtaniya, yana Jamus ta Yamma lokacin da aka ja katangar Balin a Agustan 1961. Sannan Kim Philby, babba a gidan nasu, ya tsere Mosko a Janairun 1963 bayan ya shekara da shekaru yana sayar da su. Mutumin da uba ya yaudara, uwa ta guje shi, abokin aiki ya ci amanarsa, shi ya haifi Smiley. Ɗan kuwa a 1972 aka haife shi, a gidan da ake ƙaunarsa. Wanda kunama ta harba da wanda aka ba labarin harbin ba za su yi kuka iri ɗaya ba.

Injiniya Tukur: Ranka ya daɗe, da wannan ma'aunin ai babu mai rubuta labarin yaƙi sai soja. Ka dubi James Bond. Ian Fleming, wanda ya ƙirƙire shi, ya mutu a Agustan 1964, kafin shekara huɗu Kingsley Amis ya fito da ci gaba a 1968, ya ɓuya bayan sunan Robert Markham. John Gardner ya karɓa a 1981, ya rubuta sababbi goma sha huɗu, ya kai 1996. Bayansa Raymond Benson, Sebastian Faulks, Jeffery Deaver, Anthony Horowitz har sau uku. William Boyd, haifaffen Accra da ya yi ƙuruciya a Najeriya, a 2013 ya kai Bond wata ƙirƙirarriyar ƙasa a Afirka ta Yamma ana yaƙin basasa, duk wanda ya karanta ya san yaƙinmu yake nufi. Babu ɗaya daga cikinsu da ya haɗa jini da Fleming, kuma littattafan Fleming suna nan ba su ragu da shafi ko ɗaya ba.

Anti Rabi: Tukur, misalinka ya fi taimakon Malam a kan ya taimake ka. Bond babbar riga ce, kowa ya saka sai ta zauna masa, domin abin da ake nema a wajensa sananne ne: mota, bindiga, mugu mai son cinye duniya. Smiley kuwa ɗan gajeren mutum ne mai ƙiba, kayansa ba sa masa kyau, yana goge tabarau da bakin laktayen wuyansa, matarsa tana cin amanarsa kowa ya sani. Ƙarfinsa duk a cikin shirunsa yake. Ta yaya wani zai ari shirun mutum? Kuma ka faɗa mini gaskiya, cikin goma sha huɗun Gardner, nawa za ka iya ba da labarinsu yanzu?

Injiniya Tukur: Biyu ko uku, Anti. Na yarda da wannan.

Ustaz Nura: Ku ba ni dama in shigo da abin da ke gidanmu, don ina ganin muna magana kamar Turawa ne suka fara wannan al'ada. Tafsirul Jalalaini da ake ja mana duk azumi, mutum biyu ne suka rubuta shi. Jalaluddin al-Mahalli ya yi daga Suratul Kahfi zuwa ƙarshe, ya yi Fatiha, ajali ya riske shi. Almajirinsa Jalaluddin as-Suyuɗi ya ɗauka daga Baƙara zuwa Isra'i, ya bi salon malaminsa sau da ƙafa, har mai sauraro ba ya jin inda aka yi haɗin. Ba ina haɗa littafin hira da tafsiri ba ne, Allah Ya tsare, aikin hannun kawai nake nufi. Sannan ga tahamisi. Mawaƙi ya tarar da baitin wani mai ɗango biyu, ya ɗora masa uku a kai, da amsa-amo ɗaya da ma'auni ɗaya. Ishiriniyar da yara suke rerawa a makarantun allo haka take, asalin na Alfazazi ne, tahamisin na Ibn Mahib. Wa ya taɓa cewa Ibn Mahib ya yi wa Alfazazi kutse? Abin da yaron nan ya yi tahamisi ne. Uban ya ajiye ɗango a 1963 da The Spy Who Came in from the Cold, ya ajiye wani a 1974 da Tinker Tailor Soldier Spy, ɗan ya cike tsakani.

Maman Walid: Allah Ya ƙara sani Ustaz. Abin da na kasa faɗa ke nan.

Malam Habibu: Ustaz, ka kawo hujjar da ta fi kowacce nauyi, kuma na jima ina juya ta kafin in amsa. Ga inda na rabu da kai. Suyuɗi aikin da aka fara aka bari ya ƙarasa, kuma akwai nassi a gabansa da ba zai iya ƙetarewa ba. Irin wannan ni ma ban ƙi ba, domin Harkaway ɗin ai shi ya shirya Silverview aka buga a 2021, littafin da uban ya riga ya rubuta ya bari, ban ce uffan ba. Shi kuma mai tahamisi, ɗangon asali yana nan a fili a ƙarshen kowane baiti, mai ji ya san wanne ne na wa. A nan fa? An zuba sabon ruwa a tsohuwar randa, gobe yaro zai ɗebo ya sha bai san wanne ya sha ba. Sannan tsakanin nan da kake cewa an cike, ba mantuwa uban ya yi ba. A 1965 ya nuna mana Smiley a The Looking Glass War, ya leƙo kaɗan, an aike shi ya rufe wani aiki an bar mutum a hannun abokan gaba. Uban ya san shekarun nan, ya ga dama ne ya yi shiru.

Ku tuna yadda uban ya gina Karla, jigon leƙen asirin Rasha kuma babban abokin gabar Smiley. A duk Tinker Tailor sau ɗaya muka gan shi, shi ma a bakin Smiley, wani dare yana ba yaronsa a wajen aiki, Peter Guillam, labari. Gidan yari a Delhi, 1955, zafi kamar ya kashe mutum, fursuna yana zaune an ɗaure masa hannu. Smiley yana ta roƙonsa kada ya koma Mosko, yana masa zancen matarsa, bai ankara ba ashe tasa matar yake tona wa asiri. Mutumin bai ce ƙala ba. Ya miƙe, ya tafi da layitar Smiley, wadda Ann ta sa aka zana sunanta a jiki. Shi ke nan. Na fara karanta shafukan nan a wani tsohon kwafi da na saya a gefen titi a Zariya, gara ta cinye kusurwar bangon, babu wuta, ina haskawa da fitilar ƙwai. Da na kai inda ya sa layitar a aljihu sai na ajiye littafin na fita tsakar gida. Shekara kusan arba'in ke nan ina tsoron mutumin da bai taɓa yi mini magana ba. Yanzu an sa sunansa a bangon littafi, ana ba ni labarin inda ya fito. Ban roƙa ba.

Anti Rabi: Wallahi Malam ka taɓo ni. Dodon da aka kunna wa fitila ai ya tashi daga dodo.

Maman Walid: To amma Malam, wa ya fara kunna fitilar? Uban da kansa. A Smiley's People na 1979 ya nuna mana Karla yana da 'ya mai taɓin hankali da ya ɓoye a wani asibiti a Siwizalan, kuma da ita Smiley ya karya shi, har ya tako gada a Balin ya miƙa kansa, ya yar da layitar nan a ƙasa kusa da ƙafar Smiley. In akwai wanda ya mayar da dodo mutum, le Carré ne. Kuma kada mu mai da littattafan nan abin da ba a taɓawa, shi mai su bai ɗauke su haka ba. A littafin farko na 1961 a ƙarshen shekarun 1920 aka ɗauki Smiley aiki, da aka zo 1974 sai ya matso da shi wajen shekara goma don ya rage masa tsufa. A 2017 ya sake fito da shi garau a A Legacy of Spies, alhali in an bi lissafi ya haura ɗari.

Sannan batun wanda aka ba labari. Mahaifina maɗinki ne, hula yake yi. Ban taɓa zama ya koya mini ba, amma yau in aka jera huluna ashirin zan ware wadda ta fito daga hannun yaransa, saboda a gindin ƙafarsa na girma ina tsince masa zare. Harkaway ya sha faɗa cewa yana ƙarami uban yana karanta wa mahaifiyarsa Jane shafukan da ya rubuta da hannu, ita take buga su a tafireta, kuma shekarun nan su ne na littattafan Karla. Da muryar Smiley a kunnensa ya koyi magana. Kuma ba ɗan hutu ba ne da ya farka ya tarar da suna, tun 2008 yake fitar da nasa littattafan, da wani suna daban don kada a ce ya raɓu da uba. Abin da ka kira laushi ni shi na fi so. Karon farko ke nan da na ga Ann a matsayin mace mai zuciya, na gane dalilin da ya sa Smiley ya kasa rabuwa da ita. Ita ma Susanna, 'yar gudun hijirar Hangari da ke aiki a ofishin mai buga littattafan, da ƙafarta take tsaye. Mata a wajen uban sau da yawa inuwa ne kawai, wannan ko masoyansa ba sa musu.

Malam Habibu: Batun mata na sallama miki, Hajiya, ba ni da ta cewa. Batun shekaru ma gaskiyarki ne. Amma mai gida in ya rushe katangarsa ya matsar, gidansa ne.

Injiniya Tukur: To yanzu gidan na wa ne, ranka ya daɗe? Magada ne fa suka zauna suka ba shi.

Malam Habibu: A kotu nasu ne. A zuciyar mai karatu ban yarda ba.

Zainab: Baba Malam, a yi mini afuwa in sa baki cikin manya. Ni ce yarinyar da ka ce za ta ɗebo ruwa a randa ba ta san wanne ta sha ba. Sunan le Carré na fara jinsa ne saboda The Constant Gardener, da malaminmu ya ce mutane suna danganta shi da gwajin maganin da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau a 1996. Smiley kuwa ban san shi ba sai a littafin ɗan. Da na gama na nemi The Spy Who Came in from the Cold don in san wane ne wannan Leamas da kowa yake jin nauyin mutuwarsa. Baba, na ji bambancin tun shafi na goma. Na ɗan na karanta shi ina jin daɗi, na uban kuwa da na kai ƙarshe kwana biyu ban iya ɗaukar wani littafi ba. Ba wanda ya gaya mini, harshena ne ya rarrabe. Amma da ba don na ɗan ba, da har yau ban buɗe na uban ba.

Anti Rabi: Kin ga ke kin taimaki kowane ɓangare, 'yata.

Malam Habibu: Zainabu, Allah Ya yi miki albarka. Kin karanta Tinker Tailor?

Zainab: Tukuna Baba, ban samu ba. Fim ɗin 2011 kawai na gani.

Malam Habibu: Fim ɗin bai isa ba. Kwafin nan nawa da gara ta ci yana nan, na ɗaure shi da roba. Ki turo ƙaninki gobe bayan la'asar ya karɓar miki. In kin kai daren da Smiley yake ba Guillam labarin Delhi, ki dawo nan ki faɗa mana ko sanin da kika riga kika yi wa Karla ya ƙara miki ko ya rage miki. Ni ba zan iya gwada wannan a kaina ba, na riga na karanta su a jere.

Maman Walid: Ni ma zan sake buɗe babin a daren nan. Zainab, ki lallaɓa littafin, shafukan tsakiya sun fara zubewa tun lokacin da ya ara mini.